Tsumma a Kan Kuɓewa

Gadarif,
Nuwamba, 1996

Zuwa ga ƙanena Iliya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina buɗe wannan takarda da gaisuwa mai yawa, da addu'ar ta same ka lafiya lau, kai da abokan zamanka na shagon ɗinki a can Jidda. Allah ya ƙara maka ƙarfin ido da na gadon baya, ya sa albarka a allurarka da zarenka, ya sauƙaƙa maka zaman baƙunci, amin. Mu ma nan muna lafiya, sai godiya. Damina ta yi kyau bana, an gama yankan riɗi, dawa kuma ta fara sunkuyar da kai. Baban Ammar yana can gonakin Doka tare da masu tarakta, sai Juma'a muke ganinsa, ya dawo baƙi wuluk kamar an tsamo shi daga marina. Ammar yana gida, ba ma barinsa yawon tasha, don har yanzu ana tare samari a motocin haya a wuce da su sansanin horo, ni kuwa ban shirya ba da ɗana ba tukuna. Ƙanensa Sami ya sha fama da zazzaɓin bayan damina, amma ya miƙe, har ya koma cinye mana abincin safe. 'Yarka Atine kuwa lafiyarta ƙalau, ta yi tsawo, rigar da ka aiko mata bara ta tsaya mata a gwiwa. Saboda ita na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda, don haka ka ajiye almakashi ka karanta a natse.

Kaset ɗinka ya iso. Mun saka shi a rediyo bayan la'asar muna murnar jin muryarka, sai ga shi gaisuwa ba ta yi nisa ba ka shiga faɗa. Ka ce in cire Atine daga makaranta in sa ta a lori zuwa wurin Hajiya, mahaifiyar matarka marigayiya Shatu, a ƙauyensu na bayan Mafaza. Ka ce ba ka bar gida kana tsiyayar da idonka a kan keken ɗinki don 'yarka ta riƙe fartanya ba, balle a riƙa nuna ta da yatsa a gari ana cewa 'yar masu asiri. Na ji ka sarai. Ban mayar maka da amsa a kaset ba don na san halina, in na fara magana murya za ta hau har maƙwabtan shagonku su ji. Na kuma san Kassim ɗan Kawu ne ya kai maka labarin da ya je umra. Ya tafi ana tsakiyar surutu, bai tsaya ganin ƙarshe ba, kuma Kassim in ya ɗauko zance sai ya zuba masa gishirin da ba mai iya haɗiyewa. Ni ce malamar ajin, ina wurin daga farko har ƙarshe, to ka ji yadda aka yi daga bakina sannan ka yanke hukuncinka. Ka dai riƙe a ranka cewa daga ƙauyen Hajiya makarantar mata tana da nisa, yarinyar da aka kai can ta gama karatu ke nan.

A farkon damina aka aiko wa makarantu umarni kowace ta yi lambu, saboda taken nan da ake ta rerawa na mu ci abin da muka noma. Mudira, wato shugabar makarantarmu, ta karanta mana a ɗakin malamai, ta ɗaga kai tana neman wadda za ta ɗora wa. Wata abokiyar aikina ta dube ni ta yi murmushi ta ce ai a ba Ustaza Hannatu, mutanensu hannunsu na noma ne. Na gane abin da take nufi, kai ma ka gane, don ba yau muka fara jin irinsa ba. Na ce na karɓa, a raina kuma na ce wallahi sai na yi lambun da za ta zo tana roƙon ganye. Aka ba mu wani kango a bayan azuzuwa, jikin katanga, inda ake zubar da toka da karyayyun bencina. Ni da 'yan aji huɗu, ƙananan 'yan matan da fartanya ta kusa fin wasunsu tsawo, muka kwashe shi tas. Ka san ƙasar Gadarif in ta sha ruwa, baƙar laka mai cire wa mutum takalmi. Ranar farko yara suka koma gida dumu-dumu, iyaye mata suka yi ta aiko min da ƙorafin sabulu. Amma da ka ji dariyarsu! Yarinyar da ke kuka in an ce ta fito gaban allo, sai ga ta tana ba da umarnin inda za a tayar da kunyoyi.

Irin da aka yi mana alkawari bai iso ba, sai na ce kowace ta kawo abin da ke gidansu. Aka kawo lalo, da yakuwa, da gyaɗa, wata ma ta kawo ƙwallon dabino da alewa guda, wai a gwada ko za ta fito. Atine ba ta kawo komai ba. Kai ba ka ga yadda yarinyar nan ta koma bayan rasuwar Shatu ba, don ana gama arba'in ka tafi. Magana sai an ciro ta da ƙugiya. A makaranta can baya take zama, in na yi mata Hausa a gaban yara sai ta sunkuyar da kai ta amsa da Larabci, kamar ba ta san ni ba. Abin yana min ciwo ƙwarai, amma ban matsa mata ba. To, da yamma ina tankaɗe sai ta zo ta tsaya a kaina, ta ce Goggo ko zan ba ta daga kuɓewar Inna. Ka tuna goran nan da mahaifiyarmu take ratayewa a madafa, mai irin doguwar kuɓewa mai jan kai, wadda kakarmu ta ƙullo a bakin zane tun daga ƙasar Hausa lokacin da suka taso da niyyar Makka? Tun rasuwar Inna nake shuka 'yan ƙwayoyi a bayan ɗaki duk shekara don kada irin ya mutu. Na sauko da goran na zuba mata a tafin hannu, na kuma faɗa mata ƙa'idar da Inna ta kafa mana. Wannan iri ba a sayar da shi, ba a kuma ba da shi kyauta. Wanda aka ba, in ya shuka ya girbe, shi zai dawo da sabon iri ya zuba a goran da hannunsa. Ta ce ta ji.

Ta raba wa 'yan ajin, kowace ta samu gindinta. Kuɓewar nan ta fito kamar da gayya, kafin ruwa ya ɗauke ta kai wa yara kafaɗa. Da damina ta fara ja da baya ƙasa ta soma tsagewa, Mudira ta ce kada a taɓa ruwan gangar makaranta. Ban ga laifinta ba, ka san wahalar ruwa a garin nan, sai mai amalanken jaki ya ga dama yake kawowa. Yaran da kansu suka samo dabara. In azahar ta yi, kowace ta ɗauki butarta ta je ta tsuguna a gindin shukarta ta yi alwala a can, ruwan ya zuba inda ake bukatarsa. Wallahi Iliya, da ka ga layin 'yan matan nan a tsugune cikin ganye suna wanke hannu da fuska, da sai ka yi hawaye. Waɗanda da sai an bi su da tsumagiya kafin su yi salla, sai ga su har da masu sake alwala ba tare da ta karye ba. Mudira ta ce ba ta taɓa ganin aji mai tsoron Allah irin nawa ba, ni kuwa na bar ta da kyakkyawan zatonta. A cikin lambun nan na fara jin muryar Atine da ƙarfi, tana yi wa wata faɗa don ta taka mata yakuwa.

Da kuɓewa ta fara 'ya'ya muka mai da Alhamis ranar tsinka, mu dafa miya a makaranta kowa ya ci da kisra, wainar garin dawar nan. Yara ba su san bari ba, abin da ido ya gani hannu ya tsinke. Sai wata safiya na tarar Atine ta ɗaura ɗan tsumma a wuyan ɗiyar kuɓewa mafi kyau a gindinta. Na tsaya ina kallo da mamaki, don ni ban koya mata ba. Ashe tun tana 'yar mitsitsiya take ganin Inna tana yi a bayan madafa. Wadda aka ɗaura wa tsumma ta iri ce, ba mai taɓa ta har ta bushe a jikin uwarta. Kai ma ka sha mari a kan wannan, kada ka ce ka manta. Yara suka tambaye ta, ta yi musu bayani, washegari kowace ta zo da ƙyallenta daga gida, ja da kore da rawaya, don ta gane tata. Lambu ya yi kyau har malamai suna leƙowa ta taga.

Ƙawar Atine ɗaya ce tak a ajin, Rawan, 'yar Abubakar Siddiƙ mai shagon yadi a kasuwa. Larabawan gari ne, amma yaran biyu ba ruwansu, a kwano ɗaya suke karya kumallo. Ana gab da fara ɗaurin nan zazzaɓi mai tsanani ya kama Rawan, har aka kwantar da ita a asibiti. Gindinta kuwa ya yi wata ɗiya da ta fi ta kowa tsawo, ga Alhamis tana matsowa, ga masu tsinka suna lashe baki. Atine ta duba aljihun bencinsu ta ga ɗankwalin da Rawan ta manta, ta yage siriri daga gefensa, ta je ta ɗaura wa ɗiyar, ƙulli uku don kada iska ta kwance. Abin da 'yarka ta yi ke nan, ba ƙari ba ragi. Bayan 'yan kwanaki Nasiba, uwar Rawan, ta zo karɓar littattafan 'yarta, idonta duk ya faɗa don rashin barci. Yara cikin murna suka ja ta zuwa lambu su nuna mata shukar Rawan. Matar nan ta ga ƙyallen ɗankwalin 'yarta da ke kwance rai a hannun Allah, an ƙuƙƙulle shi a jikin tsiro. Ta tambayi wa ya ɗaura, aka ce Atine. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, wai 'yar Fallata ta ɗaure mata 'ya. Ka san Fallata shi ne sunan da suke haɗa mu duka 'yan asalin yamma a ciki, ka kuma san abin da suke cewa mun iya.

Kafin la'asar zance ya kai kasuwa, kafin magariba ya yi 'ya'ya da jikoki. Wai an tono layu a lambun, wai ni nake koya wa yara, wai shi ya sa kuɓewarmu ta fi ta kowa. Mutanen da ke sallama a ƙofar malamanmu a ɓoye suna neman rubutun sha, su suka fi kowa ɗaga murya. Washegari a layin safe yara suka dare suka bar Atine ita kaɗai, wasu iyaye ma suka hana 'ya'yansu zuwa. Mudira mace ce mai addini, ba muguwa ba ce, amma ta tsorata, don a zamanin nan in aka kai ƙarar makaranta da sunan sihiri ba wanda ya san inda abin zai tsaya. Ta ce za a kira majalisar iyaye, bayan nan a tumɓuke lambun, Atine kuma wataƙila a nema mata wata makarantar. Na fito daga ofishinta a fusace. Na koma gida ina ta faɗa ni kaɗai, har Ammar ya ce in sassauta kada in ƙona tuwo. Atine ba ta ci abinci ba ranar, ba ta kuma yi kuka ba. Da safe na ce ta zauna a gida har ƙura ta lafa, ta ce a'a, in ba ta je ba wa zai ba shukar Rawan ruwa. Ta ɗauki butarta ta wuce gabana.

Ranar taro aka zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar makaranta, maza a kujeru, mata a tabarma. Abubakar Siddiƙ ya zo da Nasiba da tsohuwarsa, wata dattijuwa mai sanda da kowa ke kira Haboba, wato kaka. Na shirya jawabin da zai ƙona wurin, na haddace shi tsaf, amma Mudira ta ce a fara jin yarinya. Iliya, 'yarka ta miƙe a gaban manyan unguwa, ƙafafunta duk busasshiyar laka, ta yi sallama. Da Larabci mai kyau, wanda ya fi na wasu masu rawani a wurin, ta ce ita ta yaga ɗankwalin, kuma ta yi laifi da ba ta nemi izini ba, tana roƙon Khala Nasiba, wato Goggo Nasiba, ta yafe mata, za ta ɗinke shi tunda babanta tela ne. Ta ce ta ɗaura ne don kada a cinye wa Rawan irinta tana kwance. Wani mai dogon carbi ya tambaye ta wa ya koya mata ƙulle-ƙulle. Ta ce kakarta. Ya ce ita kuma kakar a ina ta samo. Gabana ya faɗi, don na san yarinyar da ke sunkuyar da kai in an yi mata Hausa. Sai ta ɗaga kai ta ce daga uwarta, wadda ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafa tana neman ɗakin Allah, da irin kuɓewar nan a bakin zanenta. Ta ce su Hausawa ne, haka suke ajiye iri, kuma duk wadda ta ci miyar Alhamis a makarantar nan daga guzurin wannan tsohuwa ta ci. Sannan ta ce in sun yarda su taso ta nuna musu.

Suka taso kuwa, har da masu cewa ba za su taka wurin ba. Ta bi kunyoyin tana nuna kowane ƙyalle tana kiran sunan mai shi, wannan na 'yar wane ne, wancan na 'yar wane. Iyaye suna gane yadin gidajensu ɗaya bayan ɗaya, wasu suna sosa ƙeya. A ƙarshen layi, jikin katanga, akwai wani gindi da ban taɓa tambayarta na waye ba. Tsumman da ke jikinsa shuɗi ne mai ɗigon fari. Ta ce wannan na babanta ne da ke Jidda, ita take ba shi ruwa a madadinsa, ƙyallen kuma daga zanen mamanta ne da ta rasu. Ta tambaye su a hankali, ba da rashin kunya ba, ko akwai wanda zai cuci ubansa da zanen uwarsa. Ni dai jawabina ya bi iska, na ja mayafi na rufe fuska. Sai Haboba ta dogara sandarta ta isa gindin jikarta, ta kama ɗiyar da aka ɗaura wa ƙyalle, wadda ta riga ta soma bushewa, ta girgiza ta kusa da kunnenta. Ta ce ai wannan tirab ne, wato iri, ta juya kan ɗanta da surukarta ta wanke su tas. Ta ce a ƙauyensu na wajen Hawata, tun tana budurwa, da kaba suke ɗaure zangarniyar dawar da za a bari don shukar baɗi, yaron da ya karya ta kuwa bayansa ne zai gaya masa. Ta ce su da suka saba sayen garin kuɓewa a ƙunshin takarda sun manta cewa sai wani ya hana cikinsa kafin su samu.

Haka lambu ya tsira, Atine ma ta tsira. Mudira, don ta fita kunyar kowa, ta ce a cire tsummokin a rataya kwali mai sunan kowace yarinya, ban da shuɗin nan, wanda ba wanda ya iya buɗe baki ya ce a taɓa shi. Aka yi haka, akuyar maƙwabta ta tsallako ta cinye sunayen rabin ajin a yini ɗaya. Ana cikin haka Abubakar Siddiƙ ya aiko mana da ƙunshin ragowar yadi daga shagonsa, ba tare da wata magana ba, muka koma ɗaurinmu. Nasiba ba ta ba ni haƙuri ba har yau, ni ma ban nema ba. Uwa ce da ta ga 'yarta a bakin kabari, na san abin da tsoro yake sa mutum. Rawan ta warke, ta dawo a rame, ta fasa ɗiyarta da hannunta, ta zuba rabin irin a kwalin ashana, rabi kuma ta biyo Atine har gida ta zuba a goran Inna. Ta zo da ɗankwalin ma, Atine ta ɗinke gefen. Ɗinkin dai kada ka so ka gani, don in ka gani za ka ce ba 'yarka ba ce. Abokiyar aikin nan tawa mai murmushi kuwa ta fara aikowa a tsinko mata yakuwa, kuma ina ba ta har da gyara.

Yanzu maganar fartanya. Na san inda take maka ciwo, don tare muka yi yankan riɗi a gonar mutane, rana tana dukanmu, hannu duk kanta, mai gona yana kiranmu da sunan da ba namu ba. Ka rantse 'yarka ba za ta ga wannan ba, ni ma na rantse. Amma Atine ba ƙwadago take yi wa kowa ba. A lambun nan ta koyi auna kunya da igiya har lissafin da ke ba ta tsoro ya zama abin wasa. A nan ta samu baki, a nan ta tsaya gaban jama'a ta faɗi ko ita wace ce, abin da manya da yawa a cikinmu ba sa iyawa. Ina alfahari da ita, Iliya, alfaharin da ban san inda zan ajiye shi ba. Yanzu in na ratsa kasuwa kaina a sama yake. In ka ɗauke ta a wannan lokaci, masu zancen layu za su ce ashe gaskiya ne, shi ya sa aka ɓoye ta, ita kuma za ta ɗauka gaskiyar da ta faɗa ce ta jawo mata kora. Kai ne uba, ba ni da ikon hana ka. In ka dage, zan haɗa mata kaya in kai ta tasha da kaina. Sai dai ka sani, lokacin da muke sauraron kaset ɗinka tana zaune a bakin ƙofa, ta ji komai.

Baban Ammar yana gaishe ka da kyau. Ammar da Sami suna gaishe ka, Sami ya ce kada ka manta da ƙwallon da ka yi masa alkawari. Hajiya ta aiko da gaisuwa daga Mafaza tare da man shanu, ban gaya mata komai ba tukuna. Ka gaida mai shagonku da duk 'yan Gadarif da ke kusa da kai. Ka gaida Kassim in har yanzu yana can, ka ce masa ina nan ina jiransa.

Maƙwabcinmu Jatau, wanda zai kawo maka takardar nan, zai ba ka wani ɗan ƙulli tare da ita. Na ce masa in an tambaye shi a tashar jirgin ruwa ta Sawakin ya kwance ya nuna musu, mun gaji da bayani. Washegarin ranar da muka saurari kaset ɗinka, Atine ta dawo daga makaranta da ɗiyar nan ta jikin katanga, ta bushe ƙayau, ta fasa ta a kan faifai, ta ƙulle irin a cikin shuɗin ƙyallen. Za ka gane shi. Kai ka sayo wa Shatu zanen, kai ka yi masa kalmasa, zarenka yana nan a gefensa. Ta ce in gaya maka ka nemi gwangwanin madara ka huda gindinsa, ka shuka a ƙofar shago, ka riƙa yin alwala a kai, in ta yi 'ya'ya ka bar mafi kyau ka ɗaura mata ƙyallen. Ba ta ce ka bar ta a makaranta ba, ba ta roƙi komai ba. Abu ɗaya ta ce in tuna maka, wai ko ka manta tunda ka daɗe: irin Inna ba kyauta ba ne, kuma ba a dawo da sabon irin ta hannun wani, da hannunka za ka zuba shi a gora. Goran yana nan rataye a madafa, rabonka da ganinsa tun arba'in ɗin Shatu.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Yayarka,
Hannatu